Gas, Kashi Ashirin

Litinin, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Na ɗauko littafin nan daga ƙasan akwati ne saboda a gidan nan duk maganar da na faɗa da baki sai ta tsallaka katanga. Rabona da shi tun rasuwar Malam, shekara biyu ke nan.

Ɗan Iya, ƙanin marigayi, ya zo da hantsi. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya shiga kukan fetur. "Matar Yaya, ɗari bakwai lita a bakin titi. Ɗari bakwai! Bara war haka nawa muke saye? Gonar nan taku ta Watari kuma a kan tudu take, ruwan dam ba ya hawa sai da inji, injin kuwa shan mai yake kamar ana zuba wa rairayi. Ba za ta nomu ba bana, ki sa wannan a ranki. Alhaji Mati ya ce zai karɓe ta haya shekara uku, ya haɗa da injin ya saya."

Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Sai ga shi ya fito daga ɗakin zaure. Ɗan farina. Ba na kiran sunansa, yadda uwata ba ta taɓa kiran na babban wanmu ba har ta koma ga Allah, kuma ba zan fara a takarda ba. Mutanen gari Injiniya suke ce masa tun da ya tafi jami'a karatun injina. Tun da ya dawo a watan Satumba da katifa ɗaure a bayan babur, sai suka ƙara wa sunan tsawo, suna jan sa a baki: Injiniyaaa. To, ni ma haka zan rubuta.

Ya durƙusa ya ce yana da shawara. A sayar da injin fetur ɗin, a sayar da san da nake kiwo, a haɗa a sayi injin gas na hannu da wani yake sayarwa a Tofa. Shi zai noma albasar da kansa.

Ɗan Iya ya yi dariya har da buga cinya. "Kai ɗan nan, man gas dubu ɗaya da ɗari ɗaya ne. Muna kuka da ɗari bakwai, kai kuma can za ka kai mu?"

"Baffa, ba kuɗin lita ake dubawa ba. Aikin da litar za ta yi ake dubawa."

Sannan ya sunkuyar da kai ya gaya wa tabarma, ba ni ba, cewa idan aka ba da gonar to shi ba abin da ya rage masa a garin nan. Sabo ɗan Fanta zai koma haƙar zinare ƙarshen wata, can bayan Agadas. Zai bi shi.

Wato barazana. Yaron da na goya shi ne yau yake sa mini wa'adi.

San nan nawa ne. Wata goma sha huɗu ina ba shi dusa da hannuna. Duk wanda ya buɗe baki a gidan nan, san yake gani.

Talata, 7 ga Nuwamba, da safe

Na zuba wa sa dusa. Injiniya bai taɓa tuwon jiya ba. Shi ya jiyo.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Fanta maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, da sabon zane da sabon ɗankunne, tana ta juya wuya don in gani. Tun da Sabonta ya dawo da babur da waya mai faɗin faranti, ba ta taka ƙasa yadda muke takawa.

"Innar Injiniya, ashe naki zai bi nawa? Ki bar shi ya je, wallahi wata shida ya ishe shi. Boko dai kin gani da idonki."

Na ce, "Fanta, ɗan Sama'ilu mai shayi ma wata shida ya ce. Rami ya rufta da shi, ko gawarsa ba a kawo ba."

"Ajali ne. Ko a kan gado sai ya zo."

"Kuma boda a rufe take. Ta daji za su bi kamar ɓarayin shanu."

"To ki riƙe shi mana, ya taya ki gadin sa."

Na miƙa mata rariyar na ce ta dawo da ita kafin magariba. Mace ta haifi ɗa ta tura shi cikin rami saboda ɗankunne, sannan ta zo gidan mutane tana ba da shawara. Kowa yana cewa tsadar rayuwa ce ta lalata mu. Ƙarya ne. Kunya ce ta ƙare, tun kafin fetur ya tashi.

Maganar boko da ta yi, da biyu ta yi ta. Ba zan rubuta maganar Agusta a nan ba.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, kafin a tafi masallaci

Na kira shi. Na ce magana ta baki kowa ya iya, Sabo ma ya iya. In yana da hujja ya kawo mini a rubuce.

Ya kawo takarda ɗaya daga cikin na makarantarsa, fotokwafi, gefenta duk ya cinye. Layi biyu ya ja wa jan biro. Ya durƙusa ya matso kusa. "Inna, bari in yi miki bayanin kalmomin, akwai wurin da..."

Na ce, "Na gama sakandare kafin ubanka ya san ƙofar gidanmu. Ni na riƙa zuwa ta ɗaya a lissafi shekara uku a jere, har Malam Badaru yana ba ni alli in yi wa aji a allo. Ba na bukatar tafinta. Ajiye ka tafi masallaci."

Ya ajiye.

Na gaya masa, in lissafi ya ba shi gaskiya zan sayar da san, kuma ni ba na magana biyu. In bai ba shi ba, gona ta tafi haya, shi kuma ya zauna ya nemi koyarwa a firamare kamar 'ya'yan mutane. Maganar zinare ban ko tanka ta ba. Wanda ya tanka wa barazana ya ba ta kujera.

Asabar, 11 ga Nuwamba, daga hantsi zuwa azahar

Na gama shara na zauna a inuwar darbejiya da fensir. Shekara ashirin da bakwai rabona da nemo x, amma hannu bai manta ba.

Takardar magana take a kan ƙarfin da ke cikin mai. In aka raba shi kashi ɗari, nawa ne yake zama aiki, nawa yake tafiya a banza, a zafi da hayaƙi. Layin farko an rubuta gas, kashi ashirin. Layi na biyu haruffa biyu ne, C.I., kashi talatin da biyar. Ban san abin da haruffan suke nufi ba, kuma ba sai na sani ba. Injin ban ruwa iri biyu ne. Wanda ba na gas ba, na fetur ne.

Tun daga nan raina ya ɓaci. Takardarsa da kanta tana ƙaryata shi: ga mai ya fi tsada, ga aiki ya fi kaɗan.

Duk da haka na yi masa adalci, na bi hanya yadda aka koya mana, ban yi tsallake ba. Na ce x shi ne farashin da litar man gas za ta zama kafin injinan biyu su yi kunnen doki. Kowanne a raba kuɗin litarsa da kashin aikinsa.

x bisa 20 daidai yake da 700 bisa 35.

Ɗari bakwai a raba talatin da biyar, ashirin. Ashirin sau ashirin, ɗari huɗu.

x = 400.

Wato sai man gas ya faɗo naira ɗari huɗu kafin ya kamo ƙafar fetur. Yau dubu ɗaya da ɗari ɗaya ne. Kusan ninki uku.

Ko dai bai iya ba, ko ya iya yana so ya rufe ni don ya ga uwa ce, tsohuwa, ta kulle. Ban san wanda ya fi ciwo ba. Shekara uku ana ɗaure masa garin kwaki da ƙuliƙuli ana kai wa tasha, ga abin da ya dawo da shi.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, bayan azahar

Na sake yi sau uku. Ɗari huɗu. Na zuba wa sa dusa.

Talata, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na sa an kira Ɗan Iya, don in za a yanke magana a yanke ta gaban babba, kada gobe a ce mace ce ta yi son ranta.

Na shimfiɗa takardarsa da tawa a kan tabarma.

Na ce, "Wannan takardar taka ce ko tawa?"

"Tawa ce, Inna."

"Gas kashi nawa ta ce?"

"Ashirin. Amma Inna, gas ɗin nan da aka rubuta ba..."

"Ashirin ko ba ashirin ba?"

"Ashirin."

"Ɗayan fa?"

"Talatin da biyar. Inna, don Allah minti ɗaya."

"Yi mini shiru. Manya suna magana."

Na karanta musu lissafin daga farko har ƙarshe, a hankali, yadda nake yi a gaban allo. Da na ce ɗari huɗu, Ɗan Iya ya riƙe baki. "Kai, matar Yaya! Ashe farfesa muke da ita a cikin gida muna ta asarar kuɗin mota zuwa Kano. Injiniya, yau an kwance ka ba sifana."

Ya sake buɗe baki. A gaban baffansa, bayan na ce ya yi shiru. Shi ya jawo abin da na faɗa.

Na ce, "Da ka iya lissafi da ba ka dawo mana da katifa a bayan babur ba."

Dariyar Ɗan Iya ta tsaya. Ya shiga gyaran hularsa da ba ta karkace ba. Injiniya kuwa ya ɗago ya dube ni cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun yana ƙarami. Ba da fushi ba. Da fushi ne da na san abin yi.

Ban son kallon nan, sai na rufe maganar gaba ɗaya. Na ce, "Duk ranar da ka sake buɗe baki a kan injin nan, da ni ko da wani, ban yafe ba."

Ɗan Iya ya ce, "Haba, matar Yaya, bai kai nan ba."

Na ce, "Ya kai."

Shi kuma ya ce, "To, Inna." Ya naɗe takardarsa, ya sake ajiye ta, ya tashi ya bar ta a nan.

Ɗan Iya zai gaya wa Alhaji Mati. Shi ke nan. 'Ya'yan yanzu suna ɗauka duk wanda ba ya latsa waya jahili ne. Gara ya ji daga bakina da ya ji daga bakin duniya.

Laraba, 15 ga Nuwamba, da safe

Abin da na faɗa jiya game da katifa, kowa ya san fushi ne. Uwa tana da ikon yin fushi.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Kullum in an idar da asuba sai ya ɗauki keken marigayi ya fita. Yau na ga wandonsa a igiya, laka har gwiwa. Ashe Watari yake zuwa. Irin albasar da ya yafa tun watan jiya yake bai wa ruwa da bokiti, yana sauka magudana yana hawa tudu. Gonar da ya san ta tafi.

Taurin kai ne. Na ubansa.

Ko kuma don mutane su gani su ce uwarsa ce ta hana shi. Na san wannan wasan.

Litinin, 20 ga Nuwamba, bayan azahar

Bai fasa gaisuwa ba. "Ina kwana, Inna." "Lafiya." Shi ke nan zancenmu.

Jiya ya gyara ƙyauren ɗakina da yake ƙara tun damina. Yau ya hau ya ɗaure rumfar sa, ya cika randuna, ya faskara itacen da zai kai ni wata biyu. Ban sa shi ba. Yana gyara komai kamar mai barin gida, kuma yana yi a inda zan gani. So yake in roƙe shi.

Ni Maijidda ban roƙi ubansa ba. Ba zan fara da abin da na haifa ba.

Takardar tana nan a ƙarƙashin tabarma inda ya bar ta. Ban taɓa ba.

Laraba, 22 ga Nuwamba, bayan la'asar

Abdulƙadir dillalin shanu ya yi sallama, wai wucewa yake ya ce bari ya duba san. Wa ya kira shi? Ya shafa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, yana ta surutu.

"Hajiya, san nan ai ya daɗe da kaiwa, yanzu cin banza yake. Tun Agusta da yaronki ya kawo ni na yi masa kuɗi mai kyau kika kore mu da muciya. Yaron nan har ƙofar gidana ya biyo ni ranar, yana cewa in ƙara haƙuri zai shawo kanki, saura kwana shida a rufe."

Na ce masa in ya gama ya ja mini ƙofa.

Wa zai yarda kuɗin rajistar jami'a ya ninka sau huɗu a shekara ɗaya? Yara nawa ne suke ƙara sifili a takarda su je su sayi waya? Na yi abin da kowace uwa mai hankali za ta yi. Ban san da gaske ba ne sai da na ji a rediyo, lokacin kuwa an riga an

Na ce ba zan rubuta ba. Ban rubuta ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, da safe

Na zuba wa sa dusa. Na tsaya ina kallonsa yana ci har na ji na tsane shi.

Asabar, 25 ga Nuwamba, bayan azahar

Fanta ta shigo da ƙullin yaji da soyayyar gyaɗa, wai na guzuri, ta yi wa Sabo ta ce bari ta yi wa abokin tafiyarsa tunda ta ga ba hayaƙi a gidanmu.

"Litinin da safe fa motar za ta tashi, tashar bakin titi. Ko ba a gaya miki ba?"

Na ce, "An gaya mini." Ba a gaya mini ba.

"Ki daure ki sa masa albarka. Hanyar nan sai da bakin uwa."

"Fanta, ki ji da naki."

Ta bar ƙullin a kan turmi. Na so in watsa wa kaji, sai na tuna abinci ne, ba shi ya yi laifi ba.

Ɗan Iya ma ya aiko. Litinin ɗin Alhaji Mati zai zo da yamma ya ga injin, a ɗan goge shi ya yi kyan gani. Komai Litinin. Kamar sun haɗa baki.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, bayan magariba

Ya zo sallama. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Inna, gobe in Allah ya kai mu. Ki yafe mini duk abin da na yi miki."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

"Irin albasar nan saura kwana biyar ya isa dashe. A gaya wa mutanen Alhaji kada su bari ya bushe, iri ne mai kyau."

Na ce za a gaya musu.

Na ga bakinsa ya motsa. Ya dubi gefen tabarmar da takardar take, ya dube ni, ya haɗiye. Na san abin da yake so ya taɓo, kuma na san abin da ya hana shi. Yaro ne mai jin magana, wannan ba zan hana shi ba.

Kalma ɗaya ce ta rage, zauna. Tana nan a maƙogwarona. Amma ya zauna ya yi me? Lissafi ba ya ƙarya. Ɗari huɗu. Ba ni na ƙirƙiro ta ba.

Litinin, 27 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Ya fita. Na ji ƙarar ƙofar zaure. Ban leƙa ba, ina kan dadduma.

Bari in je in goge musu injinsu.

Litinin ɗin, tara saura kwata



Tankin ya yi baƙi ƙirin da maiƙon shekara tara. Na goge da toka da tsumma. Rubutu ya fito da manyan jajayen haruffa: GASOLINE. A kan murfin tankin kuma haruffa uku: GAS.

Injin da Malam ya shekara tara yana ɗura wa fetur. Ni da kaina na sha miƙa masa galan.

Na ɗauko ƙamus ɗina na makaranta. Mutanen Amurka fetur suke ce wa gas. Mu ne muke ce wa dizal gas. Takardar da bakinsu take magana, ni na karanta ta da bakin Kano. Ashirin ɗin ta fetur ce.

x bisa 35 daidai yake da 700 bisa 20.

Talatin da biyar sau talatin da biyar.

x = 1,225.

Man gas dubu ɗaya da ɗari ɗaya ne.

Ya ce mini minti ɗaya.

Ina hijabina?

Litinin ɗin, bayan la'asar

Rabona da hawa babur tun ranar da aka kai Malam asibiti. Na ce wa ɗan acaɓan ya yi gudu, ni da kullum nake zaginsu a kan gudu.

Na tarar motar ta cika, an ɗaure kaya a sama, direba ya tayar. 'Yan kamasho suna ta ihu, masu rake da masu ruwan leda sun kewaye tagogi. Fanta tana gefe tana ɗaga wa Sabo hannu. Na hango ƙeyar Injiniya a kujerar baya, ya kifa kai a kan gwiwa.

Na ce, "Kai!" Kai goma suka juyo, ban da nasa.

Na ce, "Injiniya!" Wani ɗan kamasho ya maimaita yana ja, Injiniyaaa, aka yi dariya. Bai ɗago ba. Ashe ya daina amsa wannan sunan, ni ce ban lura ba.

Motar ta fara gangarawa.

Sai na kira shi da sunan da liman ya raɗa masa ranar suna. Da ƙarfi, da dukan muryata, gaban 'yan kamasho da masu rake da duk wanda Allah ya tara a tashar. Shekara ashirin da uku sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Na ji Fanta ta ce, "La'ilaha illallahu! Maijidda, ɗan fari?"

Ya ɗago kamar an watsa masa ruwa. Ya buga jikin mota, aka tsaya, ya tsallako ta kan mutane ya fito.

"Inna, lafiya? Me ya faru?"

Na ce, "Dubu ɗaya da ɗari biyu da ashirin da biyar."

Ya tsaya yana kallona. Bai ce komai ba. Har raina ya fara tashi, sai na tuna ni na ɗaure bakin.

Na ce, "Na janye. Yi magana."

"Haka ne, Inna. Kuma litar gas ta ɗan fi ta fetur ƙarfi, ban ma sa wannan a ciki ba."

"Haruffan nan biyu fa?"

"Injin da matsi yake kunna shi, ba fulogi ba. Shi ne na gas ɗinmu."

"To me ya hana ka rubuta mini a gefe da Hausa?"

"Kin ce ba kya bukatar tafinta."

Direba ya danna ham. "Hajiya, makaranta za ku buɗe mana a nan ko tafiya za a yi?" Sabo ya leƙo ta taga. "Kai, ka shigo, kuɗin motarka zai ƙone fa!"

Na ce, "Sauko da jakarka."

Bai motsa ba. Ya daɗe a tsaye tsakanina da motar, har na ga zai iya komawa ciki. Kuma da ya koma, wallahi ba ni da bakin magana.

Ya ce, "San fa?"

"Gobe Abdulƙadir zai zo ya tafi da shi." Na ga bai isa ba. Na dubi ƙasa, yadda shi yake yi mini. Na ce, "Tun Agusta ya kamata."

Ya juya ya taka taya ya hau saman motar, ya shiga kwance igiya. Yaron mota yana ta masifa. Fanta ta ce a mayar mata da yajinta.

Ɗan Iya ya zo da Alhaji Mati ɗazu, na ce a ba su haƙuri an fasa. Ɗan Iya ya ce na kunyata shi a gaban manyan mutane, kuma ina lissafin nan da na karanta musu kamar huɗuba? Na ce an samu kuskure. Ya ce na wa? Na ce ya gaida gida.

Asabar, 2 ga Disamba, bayan la'asar

An kawo injin shekaranjiya. Mummuna ne, nauyi kamar gawar jaki, sai da mutum huɗu suka sauke shi. Na je Watari yau na gani da idona, don ba zan sake yarda da takarda kaɗai ba, ko da tawa ce. Ƙararsa tana hana magana, hayaƙinsa baƙi. Amma ruwa yana hawa tudun. An dasa albasa kwami sittin.

Na gaya masa kada ya yi murna da yawa. Ratar naira ɗari da ashirin da biyar ce kacal. Ranar da man gas ya wuce nan, ni ce mai gaskiya. Na rubuta 1,225 da gawayi a bangon zaure, kuma duk Juma'a zai kawo mini farashi. Ya ce, "To, Inna." Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ban ga abin dariya ba.

Maganar makaranta ba mu yi ba. Na ji yana gaya wa baffansa ana iya komawa baɗi in an cike wata takarda. Ban tambaya ba. Sai albasa ta fito.

Da safe na ɗebo dusa a ƙwarya, har na kai bakin turke kafin in tuna. Ɗana Haruna ya gan ni. Ya karɓi ƙwaryar ya watsa wa kaji.